Kwabon da Hannu Bai Taɓa Ba

Ni Lawal, gyaran agogo na koya a Sabon Garin Kano. Na yi shi a Jidda, na yi shi a Tarabulus, na zo na ƙare da shi a wani lungu cikin shagon waya a kasuwar Woolwich. Da mutane suka daina ɗaura agogo, sai hannuna ya koma kan wata sana'ar da in na faɗa wa mutanen gida sai su ɗauka na fara taɓuwa. Gidan kwabo nake gogewa.

Ga yadda abin yake. A ƙasar nan akwai masu tara tsofaffin kuɗi. In mutum ya sami kwabon da yake ganin ya isa, sai ya aika da shi wani kamfani, su duba shi da madubin ƙara girma, su ba shi maki, su saka shi cikin wani ɗan gidan roba mai haske kamar gilashi wanda bai kai tafin hannu ba, su liƙe bakin da inji, takardar makin tana ciki. Su slab suke ce masa, ni gida nake cewa. Muddin gidan yana rufe, shaidar kamfani tana nan, mai saye ko a ina yake zai yarda. Ranar da aka fasa shi, maki ya tashi, kwabo ya koma kwabo irin na kowa.

To roba kuwa tana tsufa. Tana kwasar zane a aljihu da kan tebur, 'yan kasuwa suna manna mata takardar farashi su bar danƙo, tana dushewa har abin da ke ciki ya koma kamar ana hango shi ta tagar banɗaki. Nan nake shigowa. In fara hure ƙura, don ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin tsumma ta isa ta yi wa gida tsagen Gobirawa. In ɗiga ruwan ɗumi a tsumma mai laushi irin na tabarau, a tsumman fa, ba a jikin gidan ba, kada ruwa ya bi ta baki. Sannan man goge roba, ɗan ƙanƙani, ina zagayawa da yatsa a hankali har zanen ya kwanta. Ba turare, ba man cire jan farce, waɗannan suna taɓa roba ta yi fari fat, ba ta dawowa. Dokar sana'ar guda ce: ka goge gida, kada ka taɓa mai gida.

Wata Baturiya ce ta sa ni a hanya, Jane, tsohuwa mai ɗan ofis a Greenwich inda take dillancin tsofaffin kuɗi. Agogon mijinta ta kawo, ta ga yadda na fitar da zane daga gilashinsa, washegari ta dawo da gida ɗaya ta ce in gwada. Daga ɗaya aka koma akwati. Daga ita aka koma abokan cinikinta, kowa ta ce masa, ku ba Lawal, abin da ya shiga hannunsa yadda ya shiga haka yake fita. Wannan maganar ita ce jarina a London. Ba ni da takardar makaranta, ba ni da shago mai sunana. Bakin Jane kawai.

A bana 'yata Zarah ta haihu, haihuwar fari, mace, aka sa mata Ummukulthum. Uwar Zarah ta rasu tun tuni, Allah ya ji ƙan Zinatu. Mijin Zarah kuma, Fatawu, ɗan zangon Kumasi ne, direban bas, ɗaki ɗaya gare su a Edmonton. Don haka jego a flat ɗina na saman bene aka yi shi, aka ɗauko uwar Fatawu daga Ghana, Hajiya Amamata, ta zo ta yi wa 'yata wanka. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Na bar musu ɗakina na koma kujerar falo. Ɗan ƙaramin ɗakin da nake aiki kaɗai na riƙe, shi ma council, hukumar da ke da gidajen, da suka tashi sa boiler, wato tukunyar ruwan zafi, a cikinsa suka sa, boiler kuwa mai ciwon farfaɗiya, in an matsa masa da ruwan zafi sai ya ɗauke, sai an je an danna. Mai jego kuma ruwan zafi safe da yamma.

Ta nan Hajiya ta fara shigowa.

Rannan ina kan wani gida da Jane ta ba ni daban, ta ja mini kunne a kansa. Na wani mutum ne da ya ba ta ta sayar masa, ranar Litinin za a ɗauki hotonsa don gwanjo. Kwabo ne mai huji, irin namu na zamanin Turawa, na 1936, da tauraron nan mai tsini shida da rubutun ajami a gefe. Sai dai wannan sabo ne fil, yana walƙiya kamar yau aka buga shi.

Hajiya ta danna boiler, ta juyo, ta tsaya a kaina.

"Alaji, wannan ba kwabo namu ba ne?"

"Shi ne, Hajiya."

"Wa ya kulle shi?"

Da na yi shiru da na huta. Amma mutum in ya daɗe yana aiki shi kaɗai, ya sami mai tambaya, bakinsa ba ya tsayawa. Na ɗaga mata shi a hasken taga. Na ce ta duba da kyau, wannan tun da ya fito daga injin da ya buga shi bai shiga kasuwa ba. Bai je hannun mahauci ba, bai kwana a lalitar kowa ba, ba a taɓa caca da shi ba. Na ce, "Hajiya, shekara kusan casa'in, hannun ɗan Adam bai taɓa shi ba. Abin da ya sa yake da daraja ke nan."

Ta ce, "Allahu akbar." Ta ƙara matsowa. "Alaji, ka ga cibiya na yarinya?"

Na gani. Cibiyar Ummukulthum ta ɗan bullo, in tana kuka sai ta taso kamar kan yatsa. Nas ɗin da ke zuwa duba su ta ce ba komai, da kanta za ta koma, a bar ta.

"Nas bai san komai ba," in ji Hajiya. Hausar zango ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne. "Mu a Kumasi kwabo mai huji muke ɗaurawa. Fatawu da shi na yi mashi. Duka yara nawa da shi na yi. Ka ba ni wannan, kwana bakwai, na dawo maka da shi."

Na yi dariya, don na ɗauka wasa take. Da na ga fuskarta sai na janyo gwangwanin madara da nake tara tarkace a ciki, na zazzage mata a tebur. Kwabo mai huji sun fi goma, da sisi, da anini. Na ce ta zaɓi wanda take so, in ma duka ne ta kwashe, amma ta fara tambayar uwar yarinya.

Ta sa yatsa ta jujjuya su kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

"Wannan duka datti. Mutane dubu sun riƙe. Wa ya san abin da aka saya da shi? Jika nawa na fari a London, na ɗaura mashi kuɗi na giya? Kai da baki naka ka ce wancan hannu bai taɓa ba."

"Hajiya, ba nawa ba ne. Amana ne. Kuma ba a buɗe shi."

"Abin da mutum ya rufe, mutum ya buɗe."

"Ba wannan ba."

Ta ce to. To ɗin nan na sha jin irinsa a bakin 'yan kwastan da dillalan Jidda, ya kamata in gane shi. Amma ina ganin tsohuwa ce, baƙuwa, surukar 'yata. Na gama aikina, gidan ya fito tas, na zura shi a ledarsa, na jera shi a akwati da sauran, na tura can saman kantar ajiya nesa da zafin boiler.

Ranar Juma'a na shirya zan tafi masallacin Whitechapel. Na kulle ɗakin, makulli yana aljihuna har na kai ƙofa, sai Zarah ta ɗaga murya daga ciki, rabi Hausa rabi Turanci yadda 'ya'yan nan suke yi, wai Baba boiler fa, in ya ɗauke yaya za su yi. Na koma na ba ta makullin a hannunta. Na ce, "Ke kaɗai." Ta ce to Baba, idonta rabi a rufe, yarinya a ƙirji.

Da na dawo, abin da na fara gani ɗan turmin dakan yaji ne a tsakiyar kicin, a ƙasa, an shimfiɗa masa tawul don kada maƙwabtan ƙasa su ji. Taɓarya tana jingine. Na leƙa ciki. Ba yaji. Ɓaraguzan roba ne, suna ƙyalli, da takardar maki a yage biyu.

Na taɓa ganin an rushe mini rumfa a Tarabulus ina tsaye. Ban ji abin da na ji a kan turmin nan ba.  Na durƙusa ina tsintar ɓaraguzan ɗaya bayan ɗaya ina sawa a hulata, kamar tsintar za ta yi wani amfani.

Suna falo. Hajiya ta miƙe ƙafa tana yi wa yarinya wasa, Zarah tana barci a kujera, Fatawu ya shigo daga aiki ko rigar bas bai cire ba, yana cin tuwo.

"Alaji, sannu da masallaci. Abu naka ya yi tauri! Wuƙa ya ƙi, ruwa mai zafi ya ƙi. Sai da na sa taɓarya."

Ta ɗaga rigar yarinya tana nuna mini, tana murna. Ga shi nan a kan cibiyar jikata, an shafe shi da man kaɗanya, an manne da filasta gicciye.

Yanzu ku gaya mini, me mutum zai ce? Da namiji ne, da na san abin da zan yi. Da 'yar'uwata ce, da unguwar Woolwich ta ji mu. Amma wannan uwar mijin 'yata ce. Duk kalmar da na jefa mata, ba a kanta za ta sauka ba, a kan Zarah za ta sauka, yau ko bayan shekara goma. Na haɗiye maganar. Sai na juya kan wanda zan iya.

"Fatawu! Ajiye tuwon nan."

"Baba, lafiya?"

"Kana gidan nan aka yi wannan?"

"Wallahi yanzu na shigo, Baba."

"Yanzu ka shigo. Ka tsallake turmi a tsakiyar kicin ka je ka ɗebo tuwo, ba ka tambayi me aka daka ba. Haka kake tuƙa bas ɗin? In ka ga mutum kwance a titi sai ka kewaye ka tafi cin abinci?"

Zarah ta farka a firgice. Ta dubi hulata, ta dubi cikin yarinya, ta dafe baki. Makullin a ƙarƙashin filonta ta bar shi, barci ya sace ta, Hajiya ta zare.

"Mma, me kika yi? Nas ta ce kada a sa komai!"

"Ke yi shiru, ba ka san komai ba. Alaji, don roba kake wannan fushi? Roba! Kwabo naka ga shi, ba wanda ya ci. Gobe Fatawu ya saya maka roba goma."

 Na je na wanke hannu, na zo na durƙusa gaban jikata, na kama bakin filastan na ɗaga a hankali. Duk da haka ta tsala ihu, fatar wurin ta yi ja. Na ɗauki kwabon ta gefe da gefe, na kai shi taga.

Taɓarya ta same shi a baki, ta lotsa shi kaɗan. A kan tauraron kuma ga shatin babban yatsan Hajiya, zane-zanensa duka sun fito a cikin man kaɗanya, kamar wadda ta dangwala a takardar zaɓe.

Fatawu ya biyo ni ɗakin aiki ya turo ƙofa. Yaron ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi.

"Baba, a goge shi mana. Ai aikinka ne."

"Aikina? Shekara nawa kana zuwa gidan nan, ka taɓa ganin tsummana ya taɓa ƙarfe? Kwabon da aka goge ya mutu. Masu madubin nan daga nesa suke gane shi."

Ya yi ƙasa da murya. Ya ce ya san ana sayar da irin gidajen nan a intanet, babu komai ciki, kafin Lahadi za su iso. Ya ce takardar biyu kawai ta rabu, ni da nake haɗa cikin agogo, haɗa takarda zai gagare ni? A juya lotsawar ta koma ƙarƙashin bakin roba. Hoto kawai za a ɗauka. Tsohuwar Baturiyar idonta ma ba ya gani sosai.

Abin da ya ƙara tunzura ni, gaskiya ya faɗa. Zan iya. Na san yadda zan yi bakin ya haɗu har sai wanda ya sa madubi ya gane. Wata shida, shekara, kafin wani mai saye a wata ƙasa ya lura, lokacin kuwa ya bi hannu uku.

Na ce, "Uwarka ta fasa gidan kwabo, kai kuma ka zo ka fasa ni. Baturiyar nan ta ɗauke ni daga lungun shagon waya ta ce wa mutane hannuna amintacce ne. Sai in saka mata da jabu, ta sayar da sunanta, a kama ta da shi? Fita mini daga ɗaki. Fita, kafin in manta kai uban jikata ne."

Ban jira Litinin ba. Na naɗe kwabon a takarda mai laushi, na juye ɓaraguzan a leda, na hau bas zuwa Greenwich da rigar Juma'ata.

Jane tana shan shayi a bayan teburinta. Na ajiye mata ledar, na buɗe takardar. Na faɗa mata yadda aka yi da Turancina na kasuwa, ban rage ba, ban ƙara ba. Har cibiyar na faɗa. Na ga bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya, sai ta sa madubi a ido ta duba lotsawar, dariyar ta koma.

Ta juya kwabon ta duba ɗaya fuskar. Sannan ta ce ko an sake aika shi kamfani, ba zai sami makin da ya rasa ba, ba kusa ba. Ta ce yanzu sai ta kira mai shi ta gaya masa, shi kuma mutum ne mai yawan magana a cikin masu wannan harka.

Na ce duk abin da ya kama in yi zan yi, ko zai kai ni shekara nawa.

Ta ce wannan tsakaninta da inshora ne, ba shi ne damuwarta ba. Ta cire madubin ta dube ni. "Lawal, na san ba za ka yi mini ƙarya ba, shi ya sa ka zo da kanka. Amma ni na ce wa mutane kayansu suna wurin da ba abin da zai same su. Yanzu ba zan iya sake faɗin haka ba."

Na ce zan sa kwaɗo biyu. Zan kama ɗaki a waje.

Ta girgiza kai. Ta tambaye ni ko jaririyar tana lafiya. Na ce lafiya lau. Ta ce madalla, sannan ta ce in kawo mata sauran akwatunan gobe da safe, har waɗanda ban gama ba.

Na kai mata. Cikin sati biyu sauran masu ba ni aiki ma kowa ya aiko a karɓar masa nasa, da ladabi, da godiya, irin ladabin Turawa da ya fi mari ciwo. Kantar da nake jera akwatuna ta koma wurin shanya kayan jarirai. Na koma lungun shagon waya ina manna wa yara gilashi a fuskar waya, ina sauraron suna ce mini uncle yi sauri.

A gida kuwa ban ce wa Hajiya uffan ba. Ina kwana, lafiya lau, an gode Allah. Tuwonta na ci, don 'yata. Ita kuma ta ɗauki shiruna a matsayin na gane kuskurena.

Cibiyar ta koma da kanta, kamar yadda nas ta faɗa, ana saura kwana kaɗan Hajiya ta tafi. Ranar da ta lura, har falo ta kawo mini yarinya tsirara tana juya ta a gabana.

"Alaji, ka gani? Rabin yini kawai ya yi a jiki nashi, dubi aiki! Da ka bari ya cika kwana bakwai, da tun tuni ya shiga."

Zarah ta ce, "Mma, don Allah."

Ranar tafiya, akwatunanta suna bakin ƙofa, Fatawu ya sauka neman mota, sai ta ja ni gefe, da fara'arta, kamar mai neman a ara mata gishiri. Wai ƙanwar Fatawu tana da ciki a Kumasi, wata mai zuwa za ta haihu, kuma cibiya a jininsu take. In yi wa Baturiyar nan magana ta sayar mata da kwabon, tunda yanzu an riga an buɗe.

Na shiga ɗakin aiki na ɗauko gwangwanin madara, na ɗora mata a hannu.

Ta leƙa ciki ta taɓe baki. "Alaji, na gaya maka. Wannan hannu ya taɓa."

Na ce, "Wancan ma hannu ya taɓa shi, Hajiya. Naki."

Na ɗauki babban akwatinta na fara sauka da shi, don lif ɗin ya sake lalacewa.